Sunan 'Yar Fari

Ƙarar kifewar kwandunan shara ce ta fito da Uba daga kicin, kofin shayi a hannunsa. A lungun da ya raba gidansa da na maƙwabcinsa ya tarar da Rabi'u kwance, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin keke, hular kwano ta karkace ta rufe masa ido guda. Tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai.

"Subhanallahi! Injiniya, me zan gani haka da sanyin safiya?"

"Ba komai, Alhaji. Practice nake yi. So nake in ɗaga tayar gaba in tsallake katakon nan."

Uba ya dubi katakon, wanda ko kaza ba za ta buɗe fiffike ba kafin ta haye shi. Ya dubi mutumin, shekara hamsin da huɗu, da tumbi niƙi-niƙi a cikin wata matsattsiyar riga ruwan ɗorawa.

"A garinmu in mutum ya samu, daga keke babur yake hawa, daga babur sai mota. Kai kuma ka zo Ingila ka juya da baya. In aka ci gaba a haka, baɗi sai jaki."

Rabi'u ya yi dariya har da tari, ya miƙo hannu aka tashe shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan suna maƙwabtaka a Small Heath, bango ɗaya, masallaci ɗaya. Uba direban tasi ne, kuma duk faɗin Birmingham babu abin da ya tsana kamar mai keke a gaban motarsa. Shi kuwa Rabi'u karatu ya kawo shi, ya zauna, ya yi shekaru yana aikin injiniya. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka shiga rufe ɗakunan karatu ana rage ma'aikata, shi ma wasiƙarsa ta iso. Ya koma gadin wani kanti. Har ɗakin motsa jiki na unguwar aka garƙame. Don haka da Uba ya ga wannan tsohon keke mai ƙatuwar taya kamar ta amalanke, sai ya yanke a ransa cewa rashin aiki ne ya fara taɓa bawan Allah.

Ran Lahadi Rabi'u ya roƙe shi ya kai shi dajin Cannock, inda masu keken hawan tudu suke zuwa. Uba ya yi ta mita kan taɓon da za a shafa masa a mota, amma ya kwantar da kujerun baya. Suna kan babbar hanya suka wuce allon da aka rubuta Manchester. Rabi'u ya bi allon da ido har ya ɓace.

"Alhaji, ka san yarinyar nan ta Manchester."

Uba ya sani. Zinatu ce, 'yar Rabi'u ta fari, wadda take aiki a wani kantin magani a can. Rabi'u mutumin Gwarzo ne, ya taso a gidan da uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Ƙaninta Falalu kam ana jin sunansa sau goma a wuni ta cikin bango. Ita kuwa tun tana goye sai "yarinyar nan", da ta tafi uni ta koma "ta Manchester".

"Wankin ƙodar nan sau uku a mako yana cin ta," in ji Rabi'u, idonsa a kan titi. "Uwarta ta je an gwada ko za ta iya ba ta ƙoda, ba su dace ba. Ni na dace. Amma likitoci sun ce ba za su taɓa ni ba sai na sauko daga kilo ɗari da sha takwas zuwa casa'in da biyar, BP ma ya sauka. Sun ba ni appointment a watan Satumba."

Uba ya rage gudu ba tare da ya sani ba. Kunyar maganar jaki ta kama shi.

"Ta sani?"

"A'a. Kada a sa mata rai abin ya zo bai yiwu ba. Amana na ba ka, Alhaji. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"To naka dai da alama don tuwon aka yi shi," in ji Uba, don idonsa ya fara zafi.

Daga ranar, kowace Lahadi ta zama ta Cannock. Uba, wanda ya rantse ba zai taɓa tausayin mai keke ba, shi ne yake zama a wurin ajiye motoci da fulas ɗin shayi, yana jiran wani ƙato ya fito daga cikin itatuwa kamar an tsamo shi daga kududdufi. A hunturun nan Rabi'u ya sha ƙasa ba adadi. Feda ta yi masa zane a ƙwauri, ya goge gwiwar hannu a tsakuwa, sau ɗaya ma ya shige cikin ƙaya da ka. A hanyar dawowa sai ya yi ta ba Uba karatun da ya koya a waya da wajen Turawan da suke haɗuwa a dajin: a taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba, a sauke dunduniya a gangara, kada ka kalli saiwar da kake tsoro, ka kalli inda kake son zuwa.

"Shekara ashirin ina tuƙi, yau mai keke ke koya mini kwana," Uba yakan ce.

Tuwon dare ya koma ganye. Hajo, matar Rabi'u, ta rage wa wandunansa ƙugu sau biyu. A masallaci aka fara tambayar Uba a asirce ko maƙwabcinsa lafiya, shi kuma ya ce lafiya lau, samartaka ce ta dawo masa.

Akwai wani hawa guda a dajin da Rabi'u ya laƙaba wa suna Dala. Dogo ne, ga duwatsu, ga wata saiwa da ta gitta hanya dab da ƙarshe. A nan kullum numfashinsa yake ƙarewa ya sa ƙafa a ƙasa. Ya ɗaura wa ransa cewa ranar da ya haye Dala ba tare da ya sa ƙafa ba, to ranar jikinsa ya isa a yanka.

Wata Lahadi suna cikin mota wayar Rabi'u ta yi ƙara. Uba ya ga sunan garin a kan gilashin, don ko a waya "Manchester" aka rubuta.

"Na'am. Lafiya ƙalau. Ya jikin? To, Allah ya ƙara sauƙi. Ki kira mamanki, tana gida."

Shi ke nan. Ya kashe, ya riƙe wayar da hannu biyu a kan cinyarsa har suka yi nisa.

"Injiniya, ka yi haƙuri in faɗa maka. Yaran da aka haifa a nan ba su san wannan kunyar tamu ba. Abin da suka ji da kunne shi suka sani."

"Haka mahaifina ya yi mini, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba."

"Kai a Gwarzo ka tashi, duk abokanka haka ake yi musu. Ita fa?"

Rabi'u ya mayar da wayar aljihu. Can ya ce, "Bakina ba zai iya ba, Alhaji. Bari dai a yi aikin. Za ta gane."

Saura kwana tara appointment ɗin, sikeli ya nuna casa'in da shida. Ranar an tashi da rana mai kyau. Rabi'u ya ce yau ba zaman mota, Uba ya hau ta hanyar masu ƙafa ya tsaya a saman Dala ya ɗauke shi bidiyo, yana so ya ga yadda yake zama a kan sirdi. Uba ya hau yana haki yana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro keke. Ya laɓe gefen wata bishiya ya saita wayarsa.

Ya hango rigar ruwan ɗorawa tana tahowa a hankali, ƙirji a sunkuye kan keken, taya tana tartsatsin tsakuwa. Da ya matso sai Uba ya fara jin wata magana tana fita tare da numfashinsa, kowane taki na feda da gaɓa ɗaya. Da fari ya zaci tasbihi ne. Sai da ya zo wajen saiwar, ya miƙe tsaye a kan feda, ya fizgi kan keken sama, sannan abin ya fito sarai.

"Zi... na... tu. Zi... na... tu."

Tayar gaba ta haye, ta baya ta bi ta. Uba ya sunkuyar da kai kamar wanda ya buɗe ƙofar ɗakin da ba nasa ba.

Rabi'u ya jingine keken, ya zauna a gindin bishiya, fuskarsa duk gumi da murmushi.

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"Ban sa ƙafa ba, Alhaji. Ka gani da idonka."

"Na gani. Jakin ya fasa zuwa."

Rabi'u ya yi dariya kaɗan, ya nemi ruwa. Uba yana kwance murfin gora ya ji ya ce, "Ƙirjina ya yi nauyi." Kafin ya juyo, kan Rabi'u ya langaɓe a kafaɗa.

Wasu Turawa biyu masu keke suka tsaya, ɗaya ta durƙusa tana danna masa ƙirji, ɗayan yana waya yana kwatancen inda suke. Uba ya tallafi kan Rabi'u yana maimaita masa kalmar shahada a kunne, yana kuka bai damu da wa ke kallo ba. Wurin da nisa daga titi. Ko da ma'aikatan motar asibiti suka iso da gadonsu, mai karɓa ya riga ya karɓi abinsa. Daga baya likitoci suka ce zuciya ce.

Sai da aka kwana huɗu kafin a ba da gawar. Uba yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ya ga tabon feda a jere a ƙwaurinsa, tsoho da sabo, ya ga cikin da ya lafe. Wannan jiki da aka yi wata goma sha ɗaya ana gyarawa saboda mutum ɗaya, ga shi za a kai shi ƙasa da ƙodarsa biyu. Ya tsaya cak da wankan har sai da liman ya karɓi butar daga hannunsa.

Washegarin jana'iza da la'asar, gidan Hajo cike da mata masu ta'aziyya, Uba ya fito zubar da shara ya tarar da Zinatu a lungu. Tana zaune a kan dakalin ƙofar baya, ta rame, mayafi ya yi mata yawa. Keken yana jingine a inda ya ajiye shi, taɓon Cannock ya bushe a jikin taya.

"Kawu Uba, sannu da ƙoƙari."

"Ya haƙuri, 'yata?"

"Da godiya." Ta dubi keken. "Mama ta ce wai saboda ni yake wannan abin. Wai kidney zai ba ni. Is it true? Ko dai irin maganar da ake faɗa ce in mutum ya mutu?"

"Gaskiya ne. Ni nake kai shi."

Ta gyaɗa kai, amma fuskarta ba ta saki ba.

"To ya yi duty ɗinsa. Baba ai ba ya wasa da duty." Ta ɗago ta dube shi. "Kawu, shekarata ashirin da bakwai. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, not once. Falalu kaza, Falalu kaza. Ni kuwa ina kwance an jona mini inji, in kira shi, ya ce in kira mamana. Na san al'ada ce, an faɗa mini. Amma ni dai so nake in ji."

Uba ya ji nauyin wayar a aljihun rigarsa. Tun ranar bai buɗe bidiyon ba. Abin da mutum ya ɓoye shekara ashirin da bakwai, ya kai shi tsakiyar daji don kada kowa ya ji, shi ne zai tona bayan an rufe shi da ƙasa? Ya san da Rabi'u yana tsaye a nan da kunya ta kashe shi. Ya dubi hannun yarinyar, inda allurar wankin ƙoda ta bar kumburi a ƙarƙashin fata. A ransa ya ce, ka yafe mini, Injiniya.

Ya lalubo bidiyon, ya ƙure ƙarar, ya miƙa mata.

"Ranar ce. Ki saurara da kyau in ya zo kusa."

Bai tsaya kallonta ba. Ya juya ya kama gyara kwandunan shara da ba su buƙatar gyara. A bayansa ya ji iskar daji, da ƙarar tsakuwa, da hakin da ya sani. Sai muryar ta fito, gaɓa ɗaya-ɗaya.

Bidiyon ya ƙare. Sannan ya sake jin iskar dajin daga farko.

Da ya waiwaya, ta daina kallon gilashin. Ta kara wayar a kunnenta kamar mai amsa kira, idonta a rufe, ɗaya hannun kuma yana kan sirdin keken.