Makullin Baba

Yaya ne ya kawo shawarar, kuma shi idan ya kawo shawara ya riga ya gama yanke ta. Tunda gwiwoyin Baba sun daina hawa bene, mantuwa kuma ta fara kama shi, ni zan ɗauke shi ya dawo gidana, gidanmu na hawa na uku kuma a gyara shi a riƙa ba baƙi haya da kayan ciki, kwana biyu ko mako guda. Ban so ba, amma ni auta ce, wa ya tambaye ni?

Aka yi fenti, aka kwashe kujerun marigayiya Umma aka zuba wasu masu santsi. Yaya ya sa aka kafa wani ɗan akwatin ƙarfe a gefen ƙofa. Makulli na ciki, baƙo ya iso a tura masa lambar sirri a waya ya buɗe ya ɗauka, ya tafi a sauya lamba. Babu sannu da zuwa, babu ya hanya. Wai shi ne tsaro.

Abu ɗaya da ba a taɓa ba shi ne kubar ƙofar. Wannan kuba tana da hali irin na tsofaffi. Sai ka jawo ƙofar wajenka, ka ɗan ɗaga makullin, sannan ta yarda ta ce ƙaras. Umma daga kicin take gane mai shigowa. Idan aka yi ta kokawa da ƙofa, Yaya ne, don bai taɓa koyon haƙuri ba. Idan aka ji ƙaras sau ɗaya tak, Baba ne, sai mu kashe talabijin mu rarumi littattafai. Har yau idan na ji irin wannan ƙarar gabana sai ya faɗi, sannan daɗi ya biyo baya.

Duk mun manta cewa Baba na da nasa makullin, ɗaure da wata tsohuwar igiyar takalmi a aljihun rigarsa.

Wata ranar da la'asar ina wajen aiki sai ga kira daga baƙuwar da ke gidan, wata malamar asibiti da ta zo taro. Ta fito daga wanka ta tarar da wani dattijo a falo ya cire takalmi ya miƙe ƙafa. Ban san yadda na isa ba. Benen da Baba ya ce ba ya iya hawa, ashe ranar ya hau shi tsaf.

Na same shi zaune daidai inda kujerarsa take a da, ga baƙuwa a bakin ƙofa ta rungume jakarta. Da ya gan ni sai ya haɗe rai.

"Auta, baƙuwa ta zo tun ɗazu ko ruwa ba ku ba ta ba. Ina uwarku ta shiga?"

Baiwar Allah, da ta gane halin da yake ciki sai ta ajiye jakar, ta je da kanta ta kawo masa ruwa a kofin da ba namu ba. Ya sha, ya tambaye ta mutanen gida, ya ce ta saki jiki nan gidanta ne.

Yaya ya yi ta faɗa a waya. Ya ce da wani baƙon ne da yanzu muna gaban hukuma, kuma mace ta biya kuɗinta don ta kwana da kwanciyar hankali. Gaskiyarsa ce, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce gobe kafinta zai cire kubar ya sa ta zamani mai lambobi, ni kuma in karɓe makullin daga hannun Baba.

Na gwada. Na ce wa Baba ya ba ni in ajiye masa kada ya ɓata. Ya dafe aljihu ya dube ni, ya ce tun kafin a haife ni yake riƙe da shi bai taɓa ɓata ba. Mutumin da ke manta ko ya ci abincin rana. Na fita tsakar gida na yi kukana.

Washegari na tsaya a kan kafinta har ya kwance kubar. Zai jefa ta cikin buhun tarkace na ce ya ajiye, akwai sauran aiki. Na kai shi gidana ya huda ƙofar ɗakin Baba ya ɗaura ta. Ya ce zai sa mata mai ta daina gardama, na ce idan ya taɓa halinta ni da shi ne.

Da Baba ya dawo daga masallaci na ce masa ɗakin a kulle yake, ko yana da makulli? Ya laluba aljihu. Ya jawo ƙofar wajensa, ya ɗan ɗaga hannu. Ƙaras, sau ɗaya tak.

Ya yi sallama ya shiga. Ya dubi gadon, ya dubi tagar da ba ta kallon titinmu, ya daɗe a tsaye. Na zaci Umma zai kira, har na shirya ƙaryar da zan yi masa. Sai ya juyo yana naɗe igiyar a yatsa.

"Na san ba can ba ne, Auta," ya ce. "Amma ki bar min kubar nan."

Ya mayar da makullin aljihu.