Bakwai Sau Takwas

Kafinta mutum ne da ba ya neman biro idan ana lissafi. Ka nuna masa bango, ya ƙare masa kallo, ya faɗa maka katako nawa zai ci, kuma ko guntu ba zai ragu ba. Shi ya sa lamarin Auta ya tsaya masa a rai. 'Yar cikinsa, shekara biyu a aji huɗu, duk a kan karatun "sau". Hedimasta ya riga ya aiko da takarda cewa in ta sake faɗuwa jarrabawar baka ta ƙarshen zango, sai dai a nema mata wata makarantar.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Kullum da yamma yakan zaunar da ita a kan bencin shago ya ce, "Bakwai sau takwas?" Kafin ta haɗiye yawu ya daka mata tsawa, "Ke fa nake jira." Nan take har sunanta sai ya ɓace mata. Shi kuwa a ganinsa koyarwa ke nan.

Wata rana ya tsinci kalkuleta a jakarta, tsohuwa, an manna wata 'yar takarda da salatif ta rufe inda amsa ke fitowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Washegari ko shago bai buɗe ba ya wuce makaranta, ya dire ta a teburin malamar lissafi.

"Malama, kanta na kawo a buɗe mata, ba yatsa ba. Wannan ai koya mata lalaci ne."

Malamar ba ta yi musu ba. Ta ba shi kujera, ta kira Auta ta miƙa mata kalkuletar. Yarinyar ta danna bakwai, ta danna alamar tarawa, sannan ta danna maɓallin amsa. A hankali ta ce, "Sha huɗu." Sai da ta faɗa sannan ta ɗaga takardar ta leƙa. Sha huɗu ne. Ta rufe, ta sake dannawa. "Ashirin da ɗaya." Haka ta yi ta hawa. A arba'in da tara ta ce arba'in da takwas, ta leƙa, ta ɗan yamutsa fuska, ta share, ta koma farko abinta.

"Ka gani, Baban Auta? Ita ke ba da amsa, na'urar shaida ce kawai," in ji malamar. "Ni ma gyaran da zan yi mata ke nan. Sai dai ni ina da yara hamsin, ita kuwa wannan ba ta gajiya da jira, kuma ba ta ɗaga murya."

Malamar ba ta kalle shi ba da ta faɗi haka, amma ya san inda maganar ta nufa. Kunya ta rufe shi. Ya ɗauki kalkuletar da kansa ya mayar cikin jakar.

Sati biyar Auta na zaune a ƙarshen benci tana danne-danne, shi yana goge katako yana kasa kunne. Sau da yawa amsar takan zo masa har bakin leɓe, sai ya cusa ƙusoshi biyu a baki ya ci gaba da aiki. Wannan haƙurin ya fi masa ɗaga katako wahala.

Ranar jarrabawa ba a shiga da kalkuleta, ba a kuma shigar da iyaye. Kafinta ya raɓe jikin taga kamar wanda aka ba aikin gyaranta. Hedimasta na kira ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan Auta. Shida sau huɗu, ta ba da amsa. Tara sau uku, ta ba da amsa. Haka har tambaya tara.

"Ta ƙarshe. Bakwai sau takwas?"

Auta ta juyo, suka haɗa ido da babanta. Ya ji tsawar nan ta taso masa tun daga ciki, ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa gam. Wata yarinya ta fara dariya, malamar ta harare ta. Auta ta sunkuyar da kai, babban yatsanta na danna gefen siket ɗinta, leɓenta na motsi. Ya ƙirga tare da ita a zuci, kuma bai riga ta ba.

"Hamsin da shida."

"Goma bisa goma," in ji Hedimasta. "Aji biyar."

Kafinta ya buga katakon tagar har ƙura ta tashi, aji duka ya waiwayo, ko a jikinsa. Da aka tashi ya sungume ta ya ɗora a wuya, 'yar shekara goma guda, yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi a hanya, har wanda bai tambaya ba.

Sun kusa shago ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Baba, da na kalle ka na zaci za ka yi faɗa."

"Saura ƙiris," ya ce.

"Na sani. Da na ga ka jira, sai amsar ta zo."