Wace Ce Dusuma?

"Dusuma," in ji Baba, bakinsa a karkace.

Inna ta dakata da cokali a hannu. Ta dubi mijinta, ta dubi Auta, sannan ta ajiye kofin shayin a kan durowar gefen gado, ta ja mayafinta ta fita.

Kwana tara ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba a ƙofar gida. Kwana shida bai ce uffan ba. A na bakwai ya buɗe baki, kuma tun daga ranar kalma ɗaya tal ke fitowa. In nas ta zo juya shi, dusuma. In an ba shi magani, dusuma. In Inna ta sunkuya tana gyara masa matashi, sai ya kafe ta da ido ya ce dusuma, wani lokacin har sau biyu.

Auta, ƙaramar 'yarsu, malamar firamare ce. Ta saba yara su kawo mata kalma ta warware musu ita, amma wannan ta gagare ta. Ta rubuta ta a bayan takardar magani, ta karanta ta daga ƙarshe zuwa farko, ta bincika a waya, ba abin da ya fito sai shirme.

Ta tarar da Inna a kan bencin baranda, ta zuba wa motocin asibiti ido.

"Inna, shayin zai huce."

"Ya huce mana. Ta zo ta ba shi."

"Wa?"

"Dusumar." Inna ba ta juyo ba. "Shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota zuwa ƙetare. Sati biyu a gida, wata biyu a hanya. Ban taɓa tambayarsa inda yake sauka ba. Yau an ɗauke masa magana kaf, an bar masa suna ɗaya, kuma ba nawa ba ne."

"Wa ya ce miki suna ne?"

"To mene ne? Faɗa min, ke da kika yi boko."

Da safe likita ya ce gobe za a sallami Baba. Ya ce ƙarfe huɗu na yamma mai motsa gaɓoɓi zai zo ya koya wa wanda zai yi jinya a gida yadda ake ɗaga shi, da juya shi, da ba shi abinci ba tare da ya ƙware ba.

"Ku nemo masa mai jinya," in ji Inna. "Ni gidan ƙanena zan je in huta."

Auta ta san muryar nan. Inna ba ta ɗaga murya in ta yanke magana. Auta ta dubi agogo, sha ɗaya saura. Ta ce wa nas ta sa mata ido a kan Baba, ta fita ta tari bas.

Garejin manyan motoci yana nan yadda ta san shi tun tana ƙarama: ƙasa baƙa ƙirin da man inji, tayoyi jibge, rediyo na ta surutu ba mai saurare. Ta sami Kawu Sifana, tsohon makaniken da ya yi shekaru yana gyara wa Baba mota, ƙafafunsa kawai ke waje a ƙarƙashin wata tirela. Ya fito yana goge hannu, ya tambayi jikin abokinsa, ya yi masa addu'a. Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Dusuma! Allah sarki, Sarkin Birki. Ashe da ita ya tashi."

"Kawu, mace ce?"

"Mace? In mace ce, to duk garejin nan mun aure ta." Ya nuna mata wata mota da ake ja da baya za a shigar da ita rumfa. "In direba yana baya-baya, kina tsaye kina ba shi hannu, sai ki ce dusuma, dusuma. Wato a hankali. Direbobi ne suka kwaso ta daga ƙasashen da ake Faransanci, yadda suke kwaso turare da tocila. Babanki kuwa ya mai da ita tamkar sallama. In za a sauke masa inji, dusuma. In zai gangara tudu, shi kaɗai a mota, dusuma. Don me kike zaton muke ce masa Sarkin Birki?"

Har Auta ta fara godiya, sai Kawu ya sosa ƙeya.

"Sai dai fa tana da wata fuskar. A bakinmu, in mutum ya ce maka mu yi ta dusuma, yana nufin kada kowa ya ji. Abu ne na tsakaninku."

Auta ta fasa godiyar.

"To ya aka yi kalma ɗaya ta zama a hankali, ta kuma zama a ɓoye? Ina asalinta?"

"Ni ƙarfe na sani, 'yata. Je ki layin 'yan yadi ki tambayi Madam. A ƙasar masu Faransancin aka haife ta, makarantarsu ta yi."

Madam tsohuwa ce 'yar firit, tabarau a kan karan hanci, almakashi rataye a wuya. Tana auna wa wata mata yadi lokacin da Auta ta yi sallama, ta nuna mata kujera da haɓa. Auta ta zauna tana satar kallonta, tana ƙiyasta yadda take shekara talatin da suka wuce, ko ita ce abin da Baba ya ɓoye. Madam ta kama ta.

"Kallon me kike min, kamar na ci miki wani abu?"

Auta ta ba ta labari tun daga farko, har da maganar Inna. Madam ta yi dariya kaɗan, sannan ta gyara tabarau.

"Direbobi sun tauna ta sun tofar. Ba dusuma ba ce. Dusma, ƙarshenta ta hanci yake fita." Ta yago gefen kwali ta rubuta da biro: doucement.

Auta ta ƙirga haruffan. "Tara? Ina sauran suka tafi?"

"Haka yarensu yake, a rubuta da yawa a faɗi kaɗan. Tushenta du ne. Du shi ne abu mai laushi ko mai zaƙi. Fatar jariri du ce. Ruwan da ba gishiri a cikinsa ma da sunan ake kiransa. Sai aka ɗaura mata wutsiya, ta koma yadda ake yin abu, wato da laushi. Ke malama ce, ƙarasa da kanki."

Auta ta riƙe kwalin tana tunani. "Wanda ya taka da laushi, a hankali yake tafiya. Wanda ya yi magana da laushi, ba a jin sa daga nesa." Ta ɗago kai. "Abin da ba a ji ba kuma, shi ne a ɓoye."

"Kin ci jarrabawa."

Duk da damuwar da ke ranta, abin ya ba Auta sha'awa, yadda kalma ta taso daga laushin fatar jariri ta ƙare a ƙarƙashin tirela. Ta dubi agogo, uku saura kwata. Ta miƙe da sauri, gwiwarta ta daki ƙafar tebur, har hawaye ya cika mata ido.

"Dusma!" in ji Madam, tana miƙo hannu.

"Yi haƙuri, sauri nake."

"A'a, ba faɗa nake miki ba. Sannu nake miki."

Auta ta tsaya riƙe da gwiwa.

"Au, na manta da wannan," in ji Madam. "Masu yaren na asali ba su san ta haka ba, mu ne muka ƙara mata aiki. A inda na tashi, in mutum ya yi tuntuɓe, ko ya ƙone, ko ka ga wahala ta ci shi, ba ka da abin da za ka yi masa, sai ka ce dusma. Mun rasa inda za mu sa sannunmu a yarensu, sai muka zuba ta a nan."

"To mara lafiya, wacce zai nufa?"

"Wannan kuma sai wadda ta zauna da shi."

A cikin bas Auta ta yi ta shawara da zuciyarta ko ta ɓoye ma'anar nan ta kada kowa ya ji. Kafin ta sauka ta yanke cewa Inna ba yarinya ba ce.

Ta same ta a bencin ɗazu, jakarta a ɗaure a kan cinya. Ta zauna ta miƙa mata kwalin, ta zayyana mata komai: laushi, a hankali, a ɓoye, sannu. Inna ta juya kwalin sama da ƙasa, duk da ba ta iya karatun boko ba.

"Kalma ɗaya, kaya huɗu," in ji ta. "To wanne ya ɗauka?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ba dai sannu ba. Babanki bai iya ta ba. Ranar da na haife ki, a bakin ƙofa ya tsaya ya ce an sauka lafiya? Aka ce masa e. Ya tafi duba taya."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Can ta miƙe da jakarta. Auta ta zaci hanyar fita za ta bi, sai ta ga ta shiga ɗakin.

Inna ta zuba sabon shayi daga filas. Ta ɗebo cokali guda, ta hura, ta kai bakin Baba sannu a hankali, ta jira ya haɗiye, ta goge masa gefen leɓe. Ta sake ɗebowa. Cokali goma sha biyu Auta ta ƙirga, Baba bai ce komai ba.

"Kin gani," in ji Inna ƙasa-ƙasa. "Saurina ne ya dame shi."

Ta ajiye kofin. Ta zauna a kan kujerar ƙarfen da ta kwana tara a kai, ta cire takalmi, ta sunkuya tana matsa ƙafafunta da suka kumbura. Ba mai taɓa Baba, ba mai ba shi komai. Baba ya karkato da kai da ƙyar, idonsa ya sauka a kan ƙafafun, ya hau zuwa fuskarta.

"Dusuma," in ji shi.

Hannun Inna ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Auta tana jin ƙarar fanka da takun wani a baranda.

"Yawwa," in ji Inna.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai motsa gaɓoɓi ya shigo da farar riga, fayil a hammata, ya gaishe su.

"Wa zai koyi jinyar? Ke ce, malama?"

Auta ta buɗe baki, amma Inna ta riga ta miƙe. Ta tura jakarta ƙarƙashin gado da ƙafa, ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Ita tana da 'yan makaranta," in ji ta. "Nuna min ta inda ake kama shi."