Hannun Goggo a Ƙullun Waina

Laifin da wannan labari zai hukunta shi ne gwada gaskiyar mutum da lafiyar jikinsa. Mutum ya ce maka abu kaza yana cutar da shi, kai kuma don ba ka taɓa jin irinsa ba sai ka ɗura masa a ɓoye, ka koma gefe kana jira ka kama shi da ƙarya. Hajiya Hauwa'u ta unguwar Kwarbai ta yi haka, ga kuma yadda ta kwashe.

Hajiya Hauwa'u yayar Malam Shehu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidansu na gado, makullin ɗakin ajiya bai bar haɓar zanenta ba. Ita ta goyi Su'ad, 'yar Malam Shehu, bayan rasuwar uwar yarinyar, don haka Goggo ake ce mata a gidan da ma unguwar. In ana biki a cikin birni, ita ake kira ta tsaya a kan alkaki da funkaso da dubulan. A bayan hannunta na dama akwai tabon ƙunar mai, baƙi, dogo kamar ɓawon gyaɗa, kuma babu matar Kwarbai da ba ta san tabon nan ba.

Su'ad kuwa tana shekararta ta ƙarshe a kwalejin horas da malamai. Ta daɗe tana fama da ciki, ga rama, ga jiri, har sai da wani likita ya yi mata gwaje-gwaje ya gano abin. Ya ce akwai wani sinadari mai danƙo a cikin alkama wanda hanjinta ba ya ɗauka, ko ƙanƙani ne sai ya ji mata rauni daga ciki. Babu burodi, babu taliya, babu gurasa, babu duk abin da fulawa ta taɓa. Ta bi maganar, cikin wata huɗu kumatunta suka fito.

Sai ta tsara wa kanta hanya. Ranar Asabar take girkin mako. Tukunyarta daban, muciyarta daban, rariyarta daban, ta ɗaura wa kowace jan zare. Injin niƙa ma sai da sassafe take zuwa, a wanke shi a gabanta kafin a zuba alkamar kowa. Ta yi wainar zallar shinkafa, da alale, da dambun shinkafa da zogale, ta zuba a robobi masu murfi. Da yake wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, masu saurin lalacewa take fara ci, acha da garin kunu da gyaɗa su kai ta ƙarshen mako.

Goggo ba ta taɓa yafe jan zaren nan ba.

"Malama," haka take kiranta in za ta yi mata ba'a, "wai ni da na ba ki funkaso kina rarrafe, yau muciyata ce mai dafi? Wannan ciwo naki a waya kika karanto shi. Mu a zamaninmu alkama sai gidan manya."

"Likita ne ya faɗa, Goggo."

"Likitan ma a waya ya gani."

Gaskiyar magana, Su'ad ba gwanar waya ba ce. Kira da amsa kira ta sani. Kwamfuta kuwa in ta zauna gabanta sai ta riƙe hannuwanta a cinya, kamar wadda aka kai gaisuwar surukai. Ga shi an ce kowane ɗalibi, a makarantar da aka tura shi koyarwar gwaji, sai ya haɗa ɗan bidiyon darasi da kansa, ya haska wa aji da majigi a gaban malamar da za ta zo duba shi. Ranar Su'ad Litinin ce. Wanda ya rasa ranarsa ko ya faɗi, sai baɗi. Ƙawarta Elisabatu, 'yar Wusasa, ita ke koya mata, kuma ta rantse ba za ta danna mata ko maɓalli ɗaya ba.

"Ranar da kika zama malama ni ina wata makarantar," in ji ta. "Danna da kanki. Ba ya cizo."

Su'ad ta zaɓi darasin da ta fi sani: yadda ake tanadin abincin mako ga wanda ba ya cin alkama. Ranar Asabar gab da azahar ta jingina wayarta a tagar madafi, ta tokare ta da gwangwanin gishiri, ta danna jan maɓalli. Ta nuna shinkafar da ta jiƙa, ta nuna jan zare, ta dama ƙullu tana bayani. Da aka kira azahar ta rufe ƙullun don ya tashi, ta kai yatsa ta danna wayar, ta tafi alwala. Yatsan kuwa jiƙe yake da ƙullu, kuma gilashin waya ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa. Wayar ta ci gaba da ɗauka. Da ta dawo ta ga jan ɗigon na nan, sai ta ɗauka ai haka yake zama, ta ɗora tanda ta ci gaba da darasinta.

Wainar ta yi kyau fiye da kullum, ta tashi, ta yi laushi. Ta ci uku da miyar taushe, ta jera sauran a roba.

Kafin magariba cikinta ya murɗa. Safiyar Lahadi ta same ta a kan tabarma, ta yi amai har babu abin fitarwa, ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Malam Shehu ya tsaya a bakin ƙofa yana jan carbi. Goggo ta shigo ta tsaya a kanta, ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. A nan fa take da damar faɗin gaskiya. Ba ta faɗa ba.

"To, Shehu, ka gani da idonka," ta ce. "Jiya da tukunyarta ta dafa, da muciyarta mai jan zare. Ko ƙwayar alkama ba ta ci ba, ga ta kwance. Ashe ba alkama ba ce. A kwance zaren nan haka, ta dawo tukunyar gida kamar kowa."

Malam Shehu mutum ne mai jin maganar yayarsa. Ya ce, "Da alama akwai gaskiya a maganar Yaya. Gobe ki zauna a gida. Batun girki daban kuma, mu dakata da shi."

Su'ad ta juya fuskarta bango. Ba ciwon ne ya fi ƙona mata rai ba. Ita kanta ta fara tambayar kanta ko likitan ya yi kuskure, ko shekara guda ta yi tana wahalar da mutanen gida a banza.

Bayan la'asar Elisabatu ta iso da kwamfuta a jaka. Ta gaida Goggo a tsakar gida, ta shiga ɗaki, ta ga ƙawarta.

"Ke, waye ya wanke ki ya shanya haka?"

"Bari kawai. Baba ya ce ba zan je ba gobe."

"Baba ya ce. To kafin gobe ta yi, tashi ki jona wayar."

Su'ad ta jingina da bango ta jona. Elisabatu ta leƙa allon ta yi dariya. "An ce minti biyar, kin ɗauko awa ɗaya da kwata. Fim za ki fitar? Ja wannan ɗan layin gaba, mu nemo inda za a yanke."

Ta ɗora yatsa ta ja. Ga madafi babu kowa, ga kwanon ƙullu a rufe, kaza ta wuce. Ta ƙara ja. Sai ga Goggo ta shigo, ta waiwaya ƙofa, ta kwance ƙullin leda daga zanenta. Ta buɗe kwanon, ta zuba farin gari tafi biyu, ta juya da ludayi har ya ɓace. Muryarta ta fito sarai: "Yau za mu ga ƙaryar likita."

Elisabatu ta daina dariya. Su'ad ta mayar da layin baya da kanta, ba wanda ya nuna mata, ta sake kallo. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki kwamfutar a hannu biyu kamar tire, ta fita tsakar gida. Malam Shehu na zaune a kan buzu, Goggo na tankaɗe.

"Baba, ina so ka ga darasina."

Ta durƙusa ta ajiye a gabansa, ta danna. Da muryar ta fito, rariya ta tsaya a hannun Goggo.

"Yaya," in ji Malam Shehu a hankali, "hannunki ne wannan?"

"Hannuna ne. Shi ne kuma ya goye ta, ya yi mata wanka. Tsoro na so in cire mata. Na ce in ta ci ba ta sani ba ta tashi lafiya, sai in faɗa mata, mu huta."

"Da ban tashi lafiya ba fa, Goggo?" Su'ad ta tambaya, ba ta ɗaga murya ba. "Kin tsaya a kaina da safe kika ce ba alkama ba ce."

"Ni kike yi wa tambaya? Goge abin nan yanzu."

"Ban kai darasin gogewa ba tukuna. Yankewa ake koya mini yau."

Malam Shehu ya shafa fuskarsa. Ya ce jan zare na nan daram, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Amma ya roƙi Su'ad ta rufa wa gidan asiri, ta cire wurin gaba ɗaya, ta kuma bari sai ta ji ƙarfi.

"Gobe zan je, Baba, ko da rarrafe. Kuma ba ni da shinkafar da ta jiƙu, ba ni da ƙarfin sake wani. Wainar da ke cikin bidiyon nan da fulawa a cikinta. In na nuna wa yara ita na ce zallar shinkafa ce, na fara aikin malanta da ƙarya ke nan. Wata a cikinsu ƙila tana da mai irin ciwona a gida. Fuska zan cire, da murya. Hannun kuwa yana nan."

"Shehu, kana ji?" in ji Goggo.

"Ina ji, Yaya," ya ce.

Kafin rana ta faɗi Su'ad ta koyi abu uku da yatsunta: yanke bidiyo, matse hoto har ya rage kwano da hannu kawai, da kashe sauti. Sau biyu tana ɓatawa tana sakewa. Elisabatu ta zauna a kan hannuwanta don kada ta taya ta.

Ranar Litinin ta sha kunun geronta da ruwan gishiri da sukari, ta hau keke napep. Makarantar 'yan mata ce, ba nisa da ganuwa, rabin ajin 'yan cikin birni ne. Malamar da ta zo duba ta ta zauna a baya da takarda. Su'ad ta jona majigi, bango ya yi shuɗi, babu hoto. 'Yan mata suka fara ƙus-ƙus. Ba ta nemi kowa ba. Ta zare wayar majigin, ta sake cusa ta da kyau, ta danna maɓallin da ta rubuta a tafin hannunta. Madafin gidansu ya bayyana a bango.

Ta yi bayanin acha da shinkafa da wake, da dalilin jan zare, da abin da ake fara ci da wanda ake bari sai Alhamis. Da aka zo kan hannun, ta tsayar da hoton.

"Ku duba da kyau. Tafi biyu ne kawai. Ni na ci waina uku daga wannan ƙullu, shekaranjiya. Ku dubi yadda nake riƙe da teburin nan. In mutum ya ce muku abinci na cutar da shi, aikinku ku yarda ku kiyaye. Gwadawa aikin likita ne."

Can a layi na uku wata yarinya ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita, raɗar da kowa ya ji: "Tabon Goggo mai alkaki ne."

Su'ad ta ji. Ta danna hoton ya wuce. Malamar ta yi mata tambaya biyu a kan majigi, ɗaya a kan acha, ta rubuta abin da ta rubuta, ta ce ta ci gwajin, ta kuma ce ta je gida ta kwanta. 'Yan mata kuwa aka tashe su suka koma gida, suka kai wa iyayensu mata labarin hannu mai tabo.

To, ga abin da Hajiya Hauwa'u ta rasa a kan tafi biyu na fulawa. Na ɗaya, makullin ɗakin ajiya: Malam Shehu ya karɓa da hannunsa ya rataye a ƙusa, inda kowa ke kaiwa. Na biyu, kiran biki: bukukuwa huɗu aka yi a Kwarbai bayan ƙaramar sallah, ba a aiko mata ko ɗaya ba, don kowace uwa tana da mai ciwon sukari ko hawan jini a cikin baƙinta, kuma ba ta son mai gwaji a kan tukunya. Na uku, maganarta a wurin ƙaninta, wanda shekara sittin bai taɓa tambayarta hujja ba, yanzu yana tambaya. Na huɗu ita ce 'yar da ta goya. Su'ad tana durƙusawa ta gaishe ta kowace safiya, tana wanke mata kaya, tana raka ta asibiti. Amma duk abin da hannu mai tabon nan ya miƙo mata, ko dabino ne, sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye.