Tarin Kafinta a Ɗakin Likita

Shekara guda ke nan Kafinta yana rufa wa matarsa asiri, kuma a ganinsa babu wanda ya gane.

Matar tasa, wadda kowa ke kira Malama, shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da lissafi a firamare kafin ta yi ritaya. Mace ce da ba ta rubuta lambar waya, a ka take ajiyewa. Shi ya sa ranar da ya tsinci makullin ɗaki a cikin firji dariya kawai ya yi, ya mayar da shi kan ƙusa. Sai abin ya fara yawa. Ta ɗora tukunya, ta fita shanya, ta manta da ita har ta ƙone. Ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jininsa, ya ce ya sha, kafin ya gama sa takalmi ta sake tambaya. In baƙi suka zo ta tsaya laluben suna, sai ya yi wuf ya ce, "Malama, ga 'yar ƙanwarki ta zo gaishe ki," kamar raha yake yi. Har shagonsa ya daina zuwa, ya ce wa abokan aiki gwiwa ce ta matsa masa.

Wata ranar Asabar 'yarsu ta ƙarshe, Auta, ta zo daga gidanta, ta same shi a ƙofar ɗaki yana gyara ƙafar kujera.

"Baba, na yankar wa Mama kati a asibiti. Ranar Laraba za a yi mata gwajin ƙwaƙwalwa."

Ya ajiye guduma. "Gwajin me? Uwar taki ce ta haukace?"

"Wa ya ce hauka, Baba? Tambayoyi ne kawai, a ga yadda take riƙe abu."

"Tsufa ne. Ni ma jiya na birkice gidan nan ina neman tabarau, ashe yana goshina."

Auta ba ta yi gardama ba. Ta ce ƙarfe tara za ta zo da mota. Ya yini yana cika yana batsewa, amma ranar Laraba shi ya riga kowa shiryawa. In dai za a yi wa Malama tambayoyi, to yana kusa.

Ɗakin likitar ɗan ƙarami ne: tebur, kujeru uku, fanka mai ƙara, da kalanda da aka juya fuskarta ga bango. Likitar yarinya ce sa'ar Auta, mai sanyin murya. Ta gaishe su da ladabi, ta ce Auta ta jira a waje, Baba kuwa ya zauna can baya in ya yi alkawarin yin shiru. Ya ce shi ai dama ba mai magana ba ne. Malama ta waigo ta dube shi.

"Mama, yau wace rana ce?"

"Laraba."

"Wane wata muke ciki?"

Malama ta faɗi watan da ya wuce. Kafinta ya yi gyaran murya, likita ta yi rubutu ba ta ɗago ba.

"Zan faɗi kalmomi biyar, ki maimaita, ki riƙe min su. Anjima zan tambaye ki. Fuska, tsintsiya, gada, lemo, shuɗi."

Ta maimaita su tas, har sau biyu. Shi ma ya maimaita a zuci, yana lanƙwasa yatsu.

"Yanzu ki cire bakwai daga ɗari, ki yi ta cirewa."

Nan fa Malama ta gyara zama. "Casa'in da uku. Tamanin da shida. Saba'in da tara." Likita ta ce ya isa, amma ina, Malama ba ta tsaya ba sai da ta gangaro har ƙasa, ta ce, "Saura biyu, ba ya ciruwa." Kafinta ya ji kamar ya miƙe ya tafa. Ya dubi likitar da ido mai cewa, kin gani ko?

Sai aka ba ta takarda da biro, aka ce ta zana agogo, ta sa ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Da'irar ta fito kyakkyawa, irin ta wadda ta saba da allo. Lambobin ne suka taru a gefe guda, suka bar rabin agogon fayau. Ta tsaya tana kallonsa, biro a hannu. Ta san akwai abin da ba daidai ba, ta rasa mene ne. Daga inda yake zaune ya miƙa wuya yana leƙen takardar.

"Ba komai, Mama. To, kalmomin nan biyar fa?"

"Lemo," in ji Malama. Sauran huɗun suka ƙi zuwa.

Kafinta ya yi tari. Ya shafa fuskarsa da tafi biyu, a hankali, daga goshi har haɓa. Ya sake tari, ya karkata kai wajen lungun da aka jingine tsintsiya.

"Baba, in kawo maka ruwa?" in ji likita, tana danne murmushi.

"Ƙyale shi, 'yata," in ji Malama. "Satar amsa yake ba ni. Shekara talatin ina kama yara da irin wannan tarin." Ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskance shi. "Kafinta, ka bari. Ba Auta ce ta kawo ni ba, ni na ce ta kawo ni."

Ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan littafi mai jan bango, ta miƙa wa likita. Rubutunta ne, shafi bayan shafi, kowanne da kwanan wata. Na bar famfo a buɗe. Na ɓata a hanyar dawowa daga kasuwa, mai shago ya nuna min kwana. Na kira jikata da sunan uwarta.

"Ina ganinka," ta ce da shi, muryarta ta yi ƙasa. "Kana bin bayana kana gyarawa, kana kashe min wuta, kana sanar min da baƙi kamar ɗan rediyo. Gwiwarka lafiyarta ƙalau. Na yi shiru ne don na ga abin yana kwantar maka da hankali. Amma ni ina so in san abin da ke damuna tun ina iya fahimta."

Ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Likita ta bari sai da suka natsu, sannan ta kira Auta. Ta ce wannan gwaji shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai abubuwan da ke kawo mantuwa waɗanda ake iya magancewa, don haka za a ɗebi jini, a duba ji da barci, a ɗauki hoton kai. Ta ce littafin Mama ya fi mata amfani a kan rabin tambayoyinta.

Bayan mako uku suka koma. Sakamakon bai zo yadda Kafinta ya yi ta roƙo ba. Ciwon mantuwa ne, amma a farkonsa yake. Likita ta rubuta magani, ta ce a riƙa tafiyar ƙafa kullum, a riƙa shiga mutane, kada a ɓoye ta a ɗaki. Ta dubi Kafinta ta ƙara da cewa mai jinya ma yana bukatar hutu.

Malama da kanta ta tara 'ya'yanta huɗu a falo ta gaya musu, ta raba musu ranakun zuwa kamar tana raba jadawalin aji. Babban ɗansu ya fara hawaye, ta ce ya adana, ba yau ba. Kafinta kuma ta yanke masa hukunci: daga gobe zai koma shago, safe zuwa azahar.

Da yamma, bayan yaran sun watse, suka fito tafiyar da likita ta ce. Suka bi ta gaban shagon mai gyaran keke, suka tsallaka kwalbati, tana riƙe da gefen hannun rigarsa.

"Wata rana zan dube ka in ce wane ne wannan," ta ce. "Kada ka ji haushi. Ka gaya min kawai."

"In ce miki me?"

"Ka ce kai ne kafintan da ya zo gyara bencin aji, ya yi wata uku bai gama ba."

"Bencin nan ya lalace sosai, Malama."

"Ƙusa biyu yake bukata."

Ya yi dariya har tari na gaske ya sarƙe shi. Ta tsaya tana bubbuga masa baya, tana faɗan ya cika gaggawa, har ya lafa. Sannan ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jininsa. Ya ce ya sha, ya gode, suka ci gaba da tafiya.