Abin da Yatsan Iorkyaa Ya Nuna

Iorkyaa ya daɗe yana sarin doya a kasuwar Lafiya, amma an fi saninsa da gyangyaɗi. Ana tsakiyar ciniki sai a ga haɓarsa ta sauka kan ƙirji, abokan sana'a su yi ta dariya. A gidansu na Akurba kuwa, matarsa Mwuese ta sha faɗa cewa minsharinsa kan ɗauke ɗif, har sai ta girgiza shi.

A 2008 'yarsu Nguavese, mai karatun injiniya a Zariya, ta zo hutu da wata 'yar na'ura da malaminta ya ara mata. A yatsa ake maƙala ta, tana auna iskar oksijin da ke cikin jini. Aikin kammala digirin Nguavese shi ne koya wa kwamfuta karanta wannan awo.

"Baba, kwana da ita za ku yi," in ji ta.

"Ni ne za ki yi gwaji da shi?" Ya yi ƙorafi, amma ya miƙa yatsan.

Da safe ta buɗe kwamfuta a tsakar gida. Wani layi ya bayyana, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto.

"Duk inda ya faɗi, alama ce numfashinku ya tsaya. Baba, ba lalaci ba ne. Kwanciya kawai kuke yi, jikinku ba ya hutawa. Amma wannan alama ce kawai, likita ne zai tabbatar."

Iorkyaa ya ƙura wa layin ido. Sai da ya share ido sannan ya ce, "Ashe ciwo ne."

Suka tafi Abuja. Likita ya yi nasa binciken ya tabbatar, ya ce a rage ƙiba, a riƙa kwanciya ta gefe, ya kuma rubuta masa injin hura iska da zai riƙa kwana da shi. Sannan ya tambaya ko wa ya tsara awon farko.

"'Yata ce!" Iorkyaa ya riga kowa amsawa, da ƙarfin da ya sa nas ta leƙo.

Kafin hutu ya ƙare, ya kawo wa Nguavese direbobi daga tasha da wani fasto daga unguwar Bukan Sidi, duk masu minshari, don ta auna su.

"Baba, na'urar ɗaya ce fa."

"Sai su bi layi," ya ce, yana jera musu benci. "Injiniya ba ta son hayaniya."