Dutsen da ya faɗo daga sama

Mijina yana binciken wani dutse da ya faɗo daga sama, wai a cikinsa akwai amino asid, sinadaran da ke gina jiki. Ko gumin yatsa ya taɓa dutsen, aikin ya lalace.

Da safe jikin jaririna ya yi zafi rau. Na miƙa masa shi don in saka takalmi.

Ya ja da baya. "Haba maman yaro, idan ya yi mini tumbuɗi fa? Yau za mu fasa dutsen."

"To, Allah ya ba dutse lafiya," na ce.

Na goya ɗana, muka tafi asibiti. Nas ta tambaya ina babansa. Na ce mata mu biyu ne kawai.